Masha Allah a Baki, Lissafi a Zuci

Ina da wani hali da ban taɓa kai wa likita ba, ban kuma kai wa liman ba, don na san na farko ba shi da maganinsa, na biyu kuwa zai ba ni maganin da na daɗe da sani na ƙi sha. Ba na iya jin labarin wanda muka yi makaranta tare sai na ɗora shi a ma'auni. In aka ce wane ya samu muƙami, bakina zai riga na kowa cewa "Masha Allah, Allah ya taya riƙo," amma kafin in rufe bakin zuciyata ta gama lissafi: da wane sakamako ya fita, rata nawa ya ba ni, kuma wa ya tsaya masa. In aka ce wane ya yi ritaya ko gidan kansa ba shi da shi, zan ce "Allah sarki," in girgiza kai, kuma da gaske nake tausaya masa. Sai dai can ƙarƙashin tausayin akwai wani ɗan sanyi-sanyi da ba na so a tambaye ni daga ina ya fito.

Mun kammala Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1985, ni a sashen tarihi da ke Samaru. A wancan zamani a allo ake liƙa sakamako, kowa ya zo ya yi cirko-cirko yana neman kansa: masu daraja ta ɗaya a sama, in an samu, sai 'yan 2.1, sai 'yan 2.2, sai waɗanda suka sha da ƙyar. Ni 2.1 na samu, ban sha wahalar sunkuyawa ba. Takardar ba ta yi mini alkawarin komai ba. Abin da ta shaida kawai shi ne na iya amsa tambaya a kan daular Borno da fataucin Sahara. Ni ne na ɗauka cewa yadda aka jera mu ran nan haka duniya za ta ci gaba da jera mu har tsufa.

Duniya kuwa ba ta karanta takardar ba. Bayan bautar ƙasa na kama aikin gwamnatin tarayya a mataki na 8, inda kowane mai digiri yake farawa, na yi ta hawa sannu a hankali har na yi ritaya a 2021 ina mataimakin darakta, mataki na 16. Saura taki ɗaya in zama darakta shekara 35 ta aiki ta cika. Ina da gidan kaina a Kaduna, yara sun yi karatu, ba mai bina bashin da zai hana ni barci. Rufin asiri ke nan, kuma da a ce ni kaɗai na yi jami'a a shekarar nan, da babu mai wadatar zuci irina a unguwarmu. To muna da yawa, kuma labarinsu ba ya yankewa.

Da can cutar tana samun hutu, don labari a ƙafa yake tafiya. Sai dai ka buɗe New Nigerian ka ga shafi guda ana taya wane murnar naɗi, ko ka ji a Rediyon Kaduna ana sanarwar ɗaurin aure ana jero manyan baƙi, ko ku yi kiciɓis da wani a tasha ya ba ka labarin mutum uku ko huɗu. Kana iya shekara da shekaru ba ka san an wuce ka ba, ka ci tuwonka lafiya. Wayar salula ta shigo a 2001, daga baya WhatsApp ya biyo sahu, sannan wasu masu himma a cikinmu suka kafa ƙungiyar 'yan aji, da taro, da ɗan littafi da ake bugawa ɗauke da hoton kowa da abin da ya zama. Su zumunci suka nufa, Allah ya saka musu. Ni dai sun kawo mini sikeli har ɗaki.

Mutanen kirki daga shafin farko suke karanta littafin nan. Ni tsawon suna nake fara dubawa. Mun bar makaranta kowa da suna biyu, nasa da na mahaifinsa. Yanzu sunan wasu ya yi gemu ya yi jela. A gaba akwai Alhaji, Dokta, Farfesa, Injiniya, Barista, Sanata. A baya akwai OON ko MFR na lambar girmamawa ta ƙasa, akwai SAN na manyan lauyoyi, akwai mni na waɗanda suka yi kwas a Kuru kusa da Jos. Can ƙasa kuma a ɗora sarauta: Talban nan, Garkuwan can, Jarman wancan gari. Daga suna sai in koma hoto, in duba hula ce ko rawani, kujerar da ya zauna a kai ta ofis ce ko ta mai hoto. Wata da muke yi wa kallon miji ta zo nema a Samaru, ga ta nan da rigar alƙalan babbar kotu. Kafin shayina ya huce na raba ajin gida uku: waɗanda suka wuce ni, waɗanda na wuce, da waɗanda sai na ƙara bincike.

Inda abin ya fi ban kunya shi ne yadda na mayar da karatuna ɗan aiken hassadata. A sashen tarihi na Zariya, inda marigayi Dokta Yusufu Bala Usman ya yi suna, an hore mu kada mu haɗiye labari yadda aka miƙo shi: a tambayi wa ya faɗa, don me ya faɗa, kuma wane yanayi ne ya haifar da abin. An koya mana haka ne don mu fahimci Katsina da Gobir da jihadin 1804. Ni kuwa da shi nake gano dalilin da ya sa mai 2.2 ya zama babban sakatare.

Ga yadda binciken yake tafiya. Lokacin da muka fito jihohin Najeriya 19 ne. A 1987 aka cire Katsina daga Kaduna. A 1991 aka samu Jigawa da Kebbi da Yobe da wasu, a 1996 aka ƙara Zamfara da Gombe da Nasarawa da wasu, suka cika 36. Kowace sabuwar jiha tana neman daraktoci da manyan sakatarori, masu digiri kuwa ba su wadata ba. Saboda haka wanda ƙauyensu ya faɗa cikin sabuwar jiha sai ya kwana ƙaramin jami'i ya tashi shugaban sashe. Ka ga ke nan ba ƙwaƙwalwa ba ce, taswira ce. Wanda ya gina bene da riyal fa? Ai a 1986 gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP, naira da ta fi dala daraja a farashin hukuma ta fara gangara, likitoci da malaman jami'a suka kama hanyar Saudiyya da Ingila da Amurka. Faɗuwar naira ce ta gina masa benen. Sanata fa? Aikin ofis ne ya gagare shi ya faɗa siyasa a 1999, lokacin da masu hangen nesa irina ke cewa soja za su dawo kafin a je ko'ina.

Akwai kuma masu gida a Abuja. A Disambar 1991 gwamnatin tarayya ta tare a can, aka kwaso ma'aikata suna ƙunƙuni aka zuba su a gidajen gwamnati na Garki da Wuse. Da gwamnatin Obasanjo ta zo sayar da gidajen, aka ba mazauna ciki fifiko, suka wayi gari masu gida a babban birnin ƙasa. Wannan ma ina da cikakken bayaninsa. Abin da ba ya shiga bayanin shi ne, a shekarun nan ni kamun ƙafa na yi ta yi don kada a ɗaga ni daga Kaduna, wai Abuja daji ce, ga nisa da gida.

Duk dalilan nan gaskiya ne, shi ya sa suke da daɗin fakewa. Amma in an zo kan waɗanda suka faɗi, sai ilimin tarihin nawa ya tafi hutu. Muna da waɗanda suka shiga banki suna ta ƙyalli, sai garambawul ɗin 2005 ya mayar da bankuna 89 suka koma 25, aka sallame su da furfura ta fara fitowa. Muna da waɗanda suka zama manajoji a masaƙun Kakuri, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 2000, wasu har yau suna jiran haƙƙinsu. Waɗannan su ne yanayi ya yi wa rugu-rugu a fili. Amma me nake cewa a raina? "Ai tun muna makaranta ba shi da tsari." Wanda ya wuce ni sa'a ce ta ɗaga shi, wanda na wuce sakacinsa ne ya kayar da shi. Ni kaɗai ne a ajin na tsaya daidai inda cancanta ta ajiye ni, ko ma ƙasa da nan kaɗan.

Sai kuma ranar da za a cika tawa takardar ta shiga littafin 'yan aji. Akwai gurbi da aka rubuta "abin da kake yi yanzu." Gaskiyar amsar ba ta da tsawo: in na dawo sallar asuba in kunna rediyo, in kai jikoki Islamiyya, in yi cefane, da la'asar in zauna majalisa a ƙofar gida muna gyara Najeriya da baki. Ina da 'yar gona a bayan gari da nake zuba masara, da 'yan awaki a bayan gida. Abin da na rubuta shi ne: "Mai ba da shawara kan harkokin mulki da adana tarihi, yana kuma harkar noma da kiwo na zamani." Na bar takardar a kan tebur, uwargida ta ɗauka ta sa tabarau.

"Malam, wa kake ba shawarar?"

"Ai mutane suna zuwa."

"Mai gadin maƙwabta da ya zo ka duba masa takardar fansho?"

"Shi ba mutum ba ne?"

"To kiwon zamanin fa? Awakin nan da suka cinye mini zogale?"

Na ce mata ita ba ta san harshen takarda ba. Ta ce ta dai san harshen akuya. Hoton da na haɗa da shi kuwa na ranar auren babban ɗana ne, ina cikin babbar rigar da ba ta fitowa sai da dalili, na kuma sa yaro ya yanke gefen da kujerar roba ta leƙo. Da littafin ya fito na karanta na sauran, ban ko yi tunanin cewa su ma suna da awaki da masu yanke hoto ba. Nawa na san ƙari ne, nasu kuwa na ɗauke shi wahayi.

Ranar taro can bayan otal nake ajiye motata, wai don inuwa. A gaba manyan motoci ne, wasu da ɗan sanda a kujerar gaba. Amma in faɗi gaskiya, da zarar an shiga zaure abin yakan ba ni mamaki. Wani mai rawani zai rungume ka yana ihu, "Mutumina! Ashe kana nan da ranka?" ya kira ka da sunan tsokanar da ko matarka ba ta sani ba. A tuna ɗakunan kwana na Suleiman, da rububin kujera a laburaren Kashim Ibrahim in jarrabawa ta matso, da masu wanka da turare da yamma su nufi ɗakunan 'yan mata na Amina su dawo ba labari, da shayin dare a Samaru da ake sha bashi. A wannan ɗan lokaci cutar takan sake ni, in yi dariya har hawaye.

Sai a zo gidauniya. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana kiran suna da adadi: mai girma wane, naira miliyan kaza, a yi tafi, ranka ya daɗe wane, miliyan kaza, a ƙara tafi. Ni kuwa na lallaɓa wurin ma'aji na miƙa ambulan ɗina, na raɗa masa, "Don Allah kada a ambaci sunana." Ya dube ni da girmamawa ya ce, "Malam, Allah ya ƙara ikhlasi." Daga baya ma na ji ana ba da misali da ni. Ba wanda ya san cewa abin da ke cikin ambulan ɗin ne ba zai jure lasifika ba.

Akwai mutum ɗaya da ya fi kowa ba ni aiki. Ɗaki ɗaya muka kwana, barci ya fi karatu yawa a wurinsa, kuma da littafina yake shiga kowace jarrabawa a kansa. Da 2.2 ya fita. Ya zama babban sakatare, garinsu kuma suka naɗa shi sarauta. Na daɗe ina tara masa hujjoji, ina jiran ranar da za a ji wani abu. Abin da na ji kuwa a wurin ta'aziyyar wani ɗan ajinmu na ji shi. Matar mamacin ce ta faɗa, tana kuka, cewa tun da mijinta ya fara wankin ƙoda mutumin nan ne ke biya, shi ne kuma ya ɗauki karatun yaran, ya kuma roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Kowa a wurin ya yi masa addu'a, ni ma na yi. Amma na koma gida raina a jagule. Da cewa aka yi an kama shi da cin amanar dukiyar jama'a, da na yi barci mai daɗi a daren nan. Na san munin wannan magana, shi ya sa na rubuta ta yadda take.

Bayan 'yan kwanaki sai ga wayarsa. "Malam," in ji shi, "wallahi har gobe ina gaya wa yarana da littafinka na ci jarrabawa." Na ce, "Haba, ranka ya daɗe, ai ƙoƙarinka ne." Zuciyata ta ce gara da ka sani.

Na zaci ritaya za ta raba gardama, tunda doka ba ta san babba ba: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa, ka miƙa makulli. Haka kuwa aka yi, darakta da mataimakinsa duk muka koma layin tantance 'yan fansho. Sai dai farfesoshi, da dokar 2012 ta ba su har 70, suna nan suna ta shiga ofis suna ɓata mini lissafi. Gasar kuma ba ta mutu ba, gida ta sauya. Ta koma kan 'ya'ya: ɗan wa ya zama likita, 'yar wa ta karanto a Masar ko Maleshiya, auren 'yar wa gwamna ya halarta. Daga nan ta gangaro kan jiki. Yanzu in mun haɗu, bayan gaisuwa sai tambayar hawan jini da suga da gwiwa. Ranar da na ji wani tsohon kwamishina ya fi ni yawan ƙwayoyin da yake sha da safe, sai da na ji ƙarfi a ƙafata. Da aka ce Indiya ya je aka duba shi, ƙarfin ya ragu, don ni asibitin unguwa nake zuwa.

A ƙarshen littafin akwai shafin waɗanda suka riga mu, kuma kowane bugu sai ya ƙara tsawo. A nan ba a bin daraja, shekarar rasuwa ake bi. Wannan shafi yana taɓa ni da gaske; akwai sunayen da in na gani sai in ajiye littafin in fita tsakar gida. Da na so in ce a nan cutar take tsayawa. Amma a jana'izar wani daga cikinmu, bayan an sallame, na kama kaina ina waiwaye ina ƙiyasta sahu nawa aka yi, har ina auna ko nawa za su kai haka. Mutum a gaban makara, yana lissafin jama'ar da ba zai ga ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ba wai ban nemi magani ba. Malamai suna cewa a sha'anin duniya na ƙasa da kai za ka duba, don ka gode. Na gwada, sai na tarar ni duban nawa ba na godiya ba ne, na auna rata ne. Sun kuma ce ka yi wa wanda kake ƙyashi addu'ar ƙarin alheri a bayan idonsa. Wannan kam yana aiki, don da wuya ka roƙa wa mutum alheri a sujada ka tashi kana jiran faɗuwarsa. Illa dai 'yan ajin suna da yawa, kafin in gama da ɗaya an naɗa wani.

A taronmu na baya, wanda yake haɗa littafin ya ce idonsa ya yi rauni, a nemi wani. Kafin in ankara wani ya miƙe ya ce ai ba sai an yi nisa ba. "Duk ajin nan babu mai riƙon zumunci kamar Malam. Ya san inda kowa yake, ya san matakin da kowa ya yi ritaya, ya san abin da 'ya'yan kowa suka karanta." Zaure ya ɗauki tafi. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunya ce, kuma kunyar ce, amma ba irin wadda suke zato ba. Haka aka ba kura ajiyar nama, da addu'a da fatan alheri.

Shawarar farko da na kawo wa kwamiti ita ce a daidaita kowa: a cire Dokta da Sanata da Talba da duk wata jela, kowa layi uku kacal, a kuma jera sunaye bisa haruffa. Na yi jawabi mai ratsa jiki a kan cewa dukkanmu ɗalibai ne a wuri ɗaya, kuma ƙasa ɗaya ce za ta rufe mu. Aka amince baki ɗaya, har wani ya ce wannan shi ne adalci. Ban ga dalilin tuna musu cewa sunana da harafin A ya fara ba. Sai da na zauna jerawa na tarar Abdullahi da Abubakar na ajinmu sun fi a ƙirga, duk suna gabana, kuma mutumin nan mai 2.2 yana cikinsu. Yanzu ina shirya wa kwamiti takarda a kan hikimar jera mutane bisa sunan mahaifi.